Darasi: Taurari Huɗu a Kwanon Ɗan Makaranta

Hannu uku ne ke ciyar da ɗan makaranta a Buokrom da ke Kumasi. Akwai hannun uwa, wadda ke dama koko ko ta ɗumama tuwon jiya kafin a fita. Akwai hannun mai sayar da abinci a bakin ƙofar makaranta, wadda ke karɓar 'yan kuɗin da aka danƙa wa yaro da safe. Sannan akwai hannun mai dafa abincin gwamnati, ga yaran da makarantarsu ke cikin shirin ciyarwa. Masu hannayen nan ba kasafai suke zama su yi magana da juna ba, kowace tana zaton ɗayar ta cike gurbin da ita ta bari. Haka yaro zai sha koko da burodi da safe, ya ci farar shinkafa da ɗan romo da rana, ya sayi biskit a hanyar makarantar allo, da dare a tuƙa masa banku. Sau huɗu ya kai hannu baki, kuma duk abu ɗaya ya ci.

A wannan darasi za mu koyi hanya mai sauƙi ta duba kwano mu gane ko abincin ya cika. Za mu kuma koyi yadda za mu sa yaro ya iya wannan dubawa da kansa, domin galibin abin da yake ci daga ƙarfe bakwai na safe zuwa la'asar ba a gaban idonmu yake ci ba.

Ciki ya cika, jiki bai samu ba

Mun saba auna abinci da ƙoshi. In yaro ya ture kwano ya ce ya ƙoshi, hankalin uwa ya kwanta. Amma akwai yunwar da ba ta sa yaro kuka, sai dai ta bayyana a jininsa, a tsawonsa, da kuma yadda yake gyangyaɗi a aji tun hantsi bai dubi ludayi ba.

Binciken lafiyar al'umma da Hukumar Ƙididdiga ta Ghana ta gudanar a 2022 ya nuna cewa kashi 18 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Kashi 49 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini. A cikin mata 'yan shekara 15 zuwa 49 kuwa, kashi 41 ne. Waɗannan yara su ne gobe za a saka wa rigar makaranta, waɗannan mata kuma mu ne da 'ya'yanmu mata. Binciken ya kuma gano cewa kusan rabin matan da suka kai shekara 20 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Ke nan a gida ɗaya ana iya samun uwa mai fama da ƙiba da hawan jini, ga ɗanta jininsa bai cika ba, kuma tukunya ɗaya suke ci. Dalilin bai wuce yawan tuwo, mai, sukari da gishiri, da ƙarancin ganye, wake, kifi da 'ya'yan itatuwa ba.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A Accra ne wata likita 'yar Jamaika, Cicely Williams, ta yi bayanin wani nau'in tamowa a 1933, bayan ta lura da yaran da aka yaye aka bar su da kokon masara zalla. Cikinsu na cika, amma ƙafafunsu na kumbura, gashinsu na yin ja. Wannan ya nuna cewa hatsi kaɗai ba ya raya yaro.

Taurari huɗu

Duk uwar da ta taɓa kai jariri awo ta ji ma'aikatan Hukumar Lafiya ta Ghana suna maganar abinci mai taurari huɗu. Kuskuren da muke yi shi ne ajiye wannan ilimi tare da katin awo da zarar yaro ya fara tafiya. Alhali ɗan aji uku ma yana buƙatarsa, haka budurwa, haka tsoho.

Tauraro na farko shi ne abin da ke ba da ƙarfi: masara, gero, dawa, shinkafa, doya, rogo, makani, dankali, ayabar dafuwa, burodi da taliya. Wannan ba ya ɓata mana, kullum yana nan.

Tauraro na biyu shi ne dangin wake: wake, gyaɗa, gurjiya, waken suya, agushi, riɗi, da daddawa. Suna gina tsoka, kuma sun fi nama araha nesa ba kusa ba.

Tauraro na uku abin da ya fito daga dabba: ƙwai, kifi, nama, hanta, kaza, nono da wagashi. Kaɗan ma yana aiki. Ƙananan busassun kifin nan da ake ci har ƙashi, in aka daka su aka zuba cokali biyu a miya, sun ba da abin da ke gina jini da ƙashi fiye da yadda kuɗinsu ke nunawa.

Tauraro na huɗu ganye da 'ya'yan itatuwa: ayoyo, alayyahu, kontomire, yakuwa, zogale, kuka, kuɓewa, gauta, kabeji, karas, tumatir, sai lemu, gwanda, mangwaro, abarba, kankana da ayaba. Su ke kare jiki daga cuta, su gyara ido da fata, su kuma hana ciki ƙullewa. Wannan shi ne tauraron da ya fi yawan faɗuwa daga kwanon yaranmu.

Mai yana da nasa wurin, amma da cokali ake auna shi. Manja na da amfani na musamman, don yana ɗauke da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, maganin dundumi. Sai dai in aka soya shi har ya yi fari, an ƙone wannan amfanin. Gishiri kuma a sayi mai aidin, wanda ke hana maƙoƙo kuma yake taimaka wa ƙwaƙwalwar yaro, a kuma sa shi kaɗan. A 2023 Ma'aikatar Abinci da Noma ta fitar da ƙa'idojin cin abinci na ƙasa, inda ta raba abinci gida shida, ta ware ganye daban, 'ya'yan itatuwa daban, mai daban. Wanda ya riƙe taurari huɗu ya riga ya kama hanyar waɗannan shida, kuma huɗu sun fi sauƙin ƙirgawa a yatsun ƙaramin yaro.

Yanzu mu ɗauki abincinmu na Zango mu ƙirga.

Koko da ƙosai: gero tauraro ɗaya, wake na biyu. In aka watsa gyaɗa a kai, ƙarfin na biyun ya ƙaru. A haɗa da lemu ɗaya, an samu uku tun kafin a buga ƙararrawar shiga aji. Amma koko da fanke, ko koko da burodi, tauraro ɗaya ne aka maimaita, sai ƙarin sukari da mai.

Tuwon zafi da miyar ayoyo, wadda aka sa wa daddawa da dakakken kifi: ga hatsi, ga ganye, ga dangin wake, ga kifi. Huɗu cif. Kakanninmu da suka zo Kumasi fataucin goro da shanu ba su san sunan bitamin ko ɗaya ba, amma miyar da suka bar mana ta cika sharuɗɗan da likita ke nema a yau. Abin takaici ne a ga yaro yana jin kunyar buɗe kwanon tuwo a gaban abokansa, yana sha'awar soyayyar shinkafa da ba ta da komai sai mai da launi.

Shinkafa da wake, wadda duk Ghana ke kira waakye, ita ce ta fi buƙatar mu tsaya a kanta, don ita yaranmu suka fi saya. Ku dubi yadda ake zuba ta. Mai abinci ta buɗe kwanon, ga jan launin karan dafi, ta ɗebo ludayi biyu a ganye. Yaro ya miƙa kuɗi ya ce a sa masa taliya, a sa gari, a sa shito, in da saura a sa ganda. Mu ƙirga: shinkafa tauraro na farko, taliya na farko, gari na farko. Sau uku ke nan ya biya kuɗin abu guda. Waken da ke ciki ne kaɗai na biyu, shi ma a wasu wurare sai ka tona kafin ka ga ƙwaya. Ganda tana da daɗin tauna, amma ba ta kama ƙafar ƙwai ko kifi wajen gina jiki ba. Da kuɗin taliya, gari da gandan nan aka sayi ƙwai ɗaya da ɗan kabeji, da kwanon ya tashi daga taurari biyu zuwa huɗu ba tare da uba ya ƙara ko pesewa ɗaya ba. Wannan lissafi shi ne zuciyar darasinmu, kuma yaro ɗan shekara takwas zai iya yin sa in an nuna masa sau biyu.

Gari da wake da manja, wanda wasu ke rainawa suna cewa abincin ƙarshen wata ne, yana da biyu tabbatattu, uku da ƙwai, huɗu da ayaba ko lemu a bayansa.  Fura da nono biyu ne masu kyau, muddin ba a nutsar da su cikin sukari ba. Indomi kuwa tauraro ɗaya ne da tarin gishiri. Tunda yara ba za su bar ta ba, a rage garin ɗanɗanon da ke cikin leda zuwa rabi, a fasa ƙwai, a yanka kabeji da karas a ciki.

Abu biyu game da jini. Sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye jiki ba ya zuƙarsa da sauƙi, sai an taimaka masa da abu mai tsami irin lemu, abarba ko ɗanyen tumatir a lokacin cin abincin. Shayi kuwa hana shi shiga yake yi. Don haka kada a ba yaro shayi a kan wake, a bari awa guda ta wuce.

Abincin gwamnati da iyakarsa

An fara Shirin Ciyar da 'Yan Makaranta na Ghana a 2005, zamanin Shugaba John Agyekum Kufuor, da makarantu goma kacal, ɗaya a kowace jiha ta wancan lokaci, tare da tallafin gwamnatin Holan. Yau yana ciyar da miliyoyin yara a makarantun gwamnati na reno da firamare, ƙarƙashin ma'aikatar da ke kula da mata, yara da jin daɗin jama'a. Manufarsa uku ce: yaro ya zo makaranta ya kuma zauna, ya sami abinci mai zafi sau ɗaya a rana, manomin ƙasa kuma ya sami kasuwa. Masu bincike da suka bi yara a gundumomi 58 na ƙasar nan sun ga cewa shirin ya taimaka wa girman 'yan mata da na yaran gidajen talakawa, ya kuma ɗaga sakamakon karatunsu. Shiri ne mai amfani, kuma ya cancanci mu kare shi.

Amma mu san iyakarsa. An tsara abincin ne ya ba yaro kimanin kashi ɗaya cikin uku na abin da jikinsa ke buƙata a rana. Sauran kashi biyun suna wuyanmu. Sannan kuɗin da ake ware wa kowane yaro ƙanƙani ne. Shekaru ya yi a kan sidi 1. A 2023 masu dafawa suka ajiye ludayi saboda bashin da suke bi da tsadar kaya, aka ɗaga shi zuwa sidi 1 da pesewa 20. Kasafin 2025 ya kai shi sidi 2. A cikin wannan sidi biyu ne mai dafawa za ta sayi shinkafa, mai, tumatir, itace ko gas, ta biya masu taya ta aiki, kuma sau da yawa da kuɗinta take fara saye kafin gwamnati ta biya ta. Duk wadda ta je kasuwar Kejetia ko ta Asawase cikin makon nan ta san abin da sidi biyu ke saye. In kuɗi ya gaza, ba shinkafar ake fara ragewa ba, kifi da ganye ne ke fara ɓacewa.

Saboda haka uwar da ta tura yaro da ciki wayam tana cewa ai za a ba shi a makaranta, ta ɗora wa wannan kwano nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Kafin a raba abincin rana an riga an yi darasin lissafi da na karatu, waɗanda galibi da safe ake yin su, yaron kuma yunwa ta hana shi ji. Ga kuma yara da yawa a Buokrom, Sepe da Moshie Zongo da ke makarantu masu zaman kansu ko ƙaramar sakandare, inda shirin bai kai ba. Su duk abin da za su ci daga gida ne ko daga bakin ƙofa.

Haƙƙinmu ne mu san jadawalin abincin makarantar 'ya'yanmu. A taron iyaye da malamai a tambaya, cikin mutunci: me ake dafawa ran Litinin, me ake dafawa ran Laraba, kwana nawa a mako ake sa wake, yaushe aka ga ƙwai ko kifi? Tambayar ba ta neman laifin mai dafawa ba ce. In ka san yau farar shinkafa aka ci, ka san da dare miyar ganye da kifi ya kamata a yi a gida.

Kuɗin tara

Kuɗin da ake ba yaro da safe shi ne darasin abinci na farko da yake ɗauka a rayuwarsa, kuma yawancinmu muna ba shi ba tare da ko kalma ɗaya ba. Ya fita, ga tebur cike da alawa, biskit, lemon kwalba da ƙanƙara mai launi a leda. Masu yin waɗannan kaya sun kashe kuɗi mai yawa don su ja idon yaro. Mai tallan lemu da ayaba ba ta da wannan gata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu a rana. Ga babba wannan kimanin giram 50 ne, wato ƙaramin cokali 12, kuma ta ce rabin haka ya fi. Na yaro bai kai na babba ba. Ƙaramar kwalbar lemo guda tana ɗauke da cokali bakwai zuwa takwas. A haɗa da wanda aka zuba a koko da safe, an wuce iyaka tun kafin azahar. Soborodo da burkina na gida ma ba su tsira ba in mai haɗawa ta sake hannu. A 2023 majalisar dokokin Ghana ta sa harajin kashi 20 cikin 100 a kan abin sha mai zaƙi, amma haraji ba zai tsaya kusa da ɗanka a bakin tebur ba.

Hana kuɗin ba mafita ba ne, faɗa ma haka. Abin da ke aiki shi ne canza tambayar da muke yi wa yaro in ya dawo. Mun saba cewa, "Ka ci abinci?" ya ce, "Na ci," magana ta ƙare. Ku saurari wannan:

"Mma, na dawo."

"Sannu da zuwa, ɗan albarka. Tauraro nawa ka samo mana yau?"

"Biyu. A'a, uku. Shinkafa da wake, da ƙwai."

"Madalla. Wanne ya ɓace?"

"Ganye. Hajiya mai abinci ta ce kabejinta ya ƙare."

"To ba laifinka ba ne. Ga gwanda can a kwano, wanke hannu ka ci, ka rage wa ƙanwarka."

Babu tsawa, babu wa'azi. Yaron ne ya yi ƙirgar, shi ya gano abin da ya ɓace. In aka yi haka mako biyu, za ku ji yana yi wa ƙannensa, har ma ya leƙa kwanon babansa ya ce saura ɗaya.

Hajiyar bakin ƙofa kuwa maƙwabciyarmu ce, sana'arta take yi, abin da ake saya shi take kawowa. Uwa na iya tsayawa wurinta sau ɗaya ta ce, "Hajiya, don Allah in ɗana ya zo ki bar taliyar, ki sa masa ƙwai." In iyaye goma suka faɗi haka, gobe za ta ƙaro ƙwai. A kuma lura da tsabta: abinci a rufe, da zafinsa, ba a karɓar kuɗi da hannun da ake ɗiban abinci. Doka ta tanadi masu sayar da abinci su yi gwajin lafiya su karɓi takardar shaida daga hukumar birni, kuma shugaban makaranta na da ikon neman ganinta.

Abin da ke tauye yaro a cikin gida

Akwai al'adu biyu da ya kamata mu dube su ido da ido. Na farko, zancen cewa in aka saba ba yaro ƙwai ko nama zai zama ɓarawo. Babu wannan a likitance, babu shi a addini. Talauci ne ya haifi maganar a lokacin da ƙwai ke da wuya, muka gaje ta. Ƙwai ɗaya na cikin mafi arahar abin da ke gina jikin yaro.

Na biyu, rabon nama. Mai gida ne ke samun tsoka, yara su sami romo da ƙashi. Girmama uba wajibi ne, ba mai musun haka. Amma uba ya gama girma, ɗan shekara shida kuwa yanzu ƙashinsa da ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa, kuma abin da ya rasa a wannan lokaci da wuya ya dawo. Iyaye maza da ke cikin wannan aji, gyaran nan daga bakinku zai fi sauƙin fitowa. In uba ya ce a fara cire na yara, ba mai ja. Haka nan in yara na ci a kwano ɗaya, ƙaramin ne ke tashi da asara, don hannunsa bai kai saurin na yayyensa ba. A zuba masa nasa daban, uwa ta ga abin da ya ci da ido.

Yadda makaranta za ta koyar

Hukumar Ilimi ta Ghana tana da shirin koyar da lafiya a makarantu, kuma ana sa ran kowace makaranta ta sami malamin da ke kula da shi. Sai dai in darasin ya tsaya a allo, yaro zai haddace rukunan abinci ya ci jarrabawa, ya fita ya sayi alawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma da hannu ake tanƙwarawa.

Malami na iya shigowa aji da kofin gilashi, sukari da ƙaramin cokali. Ya kira yaro ɗaya ya zuba, sauran suna ƙirgawa da ƙarfi har takwas. Ya ɗaga kofin ya ce, "Wa zai iya cinye wannan yanzu?" Sannan ya ajiye kwalbar lemo kusa da shi. Yaran da suka ga wannan tudun sukari ba sa mantawa.

Ana iya ware rana ɗaya a mako da kowane yaro zai zo da ɗan itace, ko da yankan kankana ne, a ci tare a aji, malami ma ya ci nasa a gabansu. A bi kaka don a sami araha: mangwaro a lokacinsa, lemu a nasa. Ana iya shuka alayyahu da ayoyo a tsofaffin buhuna da tayoyi a bayan aji, tunda fili ya yi wuya a unguwa. Alayyahu cikin wata guda ya isa yanka, kuma yaron da ya yi ban ruwa da hannunsa ba ya tsame ganyen daga miya. Ba mu da nisa da masana: a Fumesua, nan bakin Kumasi, Cibiyar Binciken Amfanin Gona ta fitar da masarar Obatanpa a 1992, wadda ta fi masarar da aka saba gina jiki, ta kuma fitar da dankalin Apomuden mai jan ciki, mai yawan bitamin A. Makarantar da ke da ɗan fili na iya neman irin ta wurin malaman gona.

Wanke hannu da sabulu kafin ci ɓangare ne na darasin, domin abincin da gudawa ko tsutsar ciki ta kwashe bai amfani yaro ba. Bokitin nan mai famfo da muke gani a ƙofar azuzuwa wata masaniyar kimiyya 'yar Ghana, Veronica Bekoe, ta ƙirƙiro shi. Amfaninsa sai da ruwa a ciki da sabulu a gefe, kuma wannan abu ne da iyaye za su iya ɗaukar nauyinsa. In an zo rabon maganin tsutsa a makaranta, a bar yaro ya sha.

'Yan mata na da buƙata ta musamman daga lokacin da suka fara al'ada, saboda jinin da suke rasawa kowane wata. Tun 2017 aka fara ba 'yan mata 'yan shekara 10 zuwa 19 ƙwayar ƙarin jini sau ɗaya a mako a makarantu, aka fara da jihohi huɗu, daga baya aka faɗaɗa. Wasu iyaye sun hana 'ya'yansu sha saboda jita-jitar cewa maganin hana haihuwa ne. Ba shi ba ne. Irin ƙwayar da ake ba mai ciki a wurin awo ce, sinadarin ƙarfe da folik asid. A sha ta bayan an ci abinci don kada ta tayar da zuciya, kuma in bayan gida ya yi duhu kada a tsorata, haka take yi. Mai shakka ta je asibitin Manhyia ko na Tafo ta tambayi ma'aikaciyar jinya.

Malaman makarantun allo da na Islamiyya su ma suna da babban rabo a nan. Yaranmu suna wuni a hannunsu Asabar da Lahadi, kuma maganar malam tana da nauyin da ta uwa ba ta da shi a kunnen yaro. Malamin da ke koya wa yara wanke hannu, yin bisimilla da ci da dama, ba zai yi masa wuya ya ƙara musu da cewa jiki amana ne, su dubi abin da suke zuba masa ba. Ga yaran da suka fara gwada azumi, sahur na wake, ƙwai ko fura da nono ya fi riƙe ciki a kan shayi da burodi.

Aiki

Tattaunawa a aji: kowa ya faɗi abin da ɗansa ko jikansa ya ci jiya daga safe zuwa dare, a rubuta a allo, a ƙirga taurarin kowane ci. Wane tauraro ne ya fi ɓacewa a ajinmu, kuma me ya sa?

Lissafi: an ba yarinya sidi 10. Ku sa farashin da kuka sani a unguwa na shinkafa da wake, taliya, gari, ƙwai, ganda, lemu da ruwan leda. Ku fitar da hanya biyu da za ta kashe kuɗin ta sami taurari huɗu. Sannan ku sake lissafin da sidi 6, ku ga nawa za ta iya samu, da abin da ya kamata a ba ta daga gida don ya cike.

Lissafi na biyu: in yaro na shan kwalbar lemo ɗaya mai cokali 8 na sukari kowace ranar makaranta, cokali nawa ya sha a mako? Nawa a mako huɗu?

Rubutu: rubuta jimla uku da za ka faɗa a taron iyaye da malamai game da abincin makaranta.

Aikin gida: ja layi biyar a takarda, Litinin zuwa Juma'a. Kullum in yaro ya dawo, shi zai zana taurarin da ya samu a makaranta da hannunsa, kai kuma ka rubuta abin da aka ƙara masa da dare. A zo da takardar darasi mai zuwa, tare da farashin ƙwai ɗaya, lemu ɗaya da ƙullin ayoyo ɗaya a kasuwar da kuka fi zuwa.